Tsohuwar Baki-Biyu: A Bar Ƙarfe Ya Faɗi Shekarunsa

Wanda ya tsaya da hantsi a tashar jiragen ruwa ta Treichville, inda jiragen fasinja na kamfanin SOTRA ke kwasar ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa Plateau da Abobo-Doumé, zai ga Abijan biyu a lokaci guda. A gabansa, ƙetaren tafkin Ébrié, dogayen benayen Plateau ne, unguwar bankuna da ofisoshi da manyan otal, inda kuɗi ke kwana. A bayansa kuma Treichville ce da titunanta masu lamba, da babbar kasuwarta, da gidajen haya inda Hausawan Nijar da na Nijeriya suka daɗe da zama, kamar yadda suka yi a Adjamé. Ƙetarawar 'yan mintoci ce, amma a fataucin kayan tarihi ita ce tazarar da ke tsakanin kuɗin sari da kuɗin Bature. Wani masani ɗan Amurka, Christopher Steiner, ya zauna da dillalan waɗannan kaya a Abijan, cikinsu har da Hausawan da ke da ɗakunan ajiya a Treichville, ya fitar da littafinsa African Art in Transit a 1994. A daidai wannan zamani aka yi fim ɗin In and Out of Africa, wanda ya bi sawun wani Bahaushe ɗan Nijar, Gabai Baaré, daga ƙauyukan Kwaddibuwa har Amurka da kayansa na sassaƙa. Littafin da fim ɗin duk a kan tambaya guda suka tsaya: mene ne na asali, kuma wa ke da ikon faɗa?

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wata tsohuwar kadara da ke kwance a gidaje da yawa daga bakin teku har Maraɗi da Katsina, wato bindigar farauta mai baki biyu, wadda kaka ya bari ko aka gada daga wani tsohon soja ko malamin kanti. Ita ma yau ta shiga sahun kayan da masu tara kayan da ke nema, kuma a kanta ne ma'aunin mai saye ya juya baya. Idan sassaƙa ce, Bature yana son ya ga an yi amfani da ita, ya ga baƙin hayaƙi da maiƙon hannu da cin gara, shi ya sa wasu masu sayarwa ke tsufar da sabon icce da hayaƙi da ruwan goro da binnewa a ƙasa. Idan kuwa bindiga ce, mai tarawa yana son ta kamar jiya ta fito daga masana'anta, da launinta na farko da katakonta na farko. Sai ya zama icce ana ƙara masa shekaru, ƙarfe ana rage masa. Ra'ayina shi ne duka biyun ɓarna ɗaya ce, kuma a wajen bindiga ɓarnar ta fi muni, domin ita baki-biyu tana ɗauke da shaidarta a jikinta, rubuce da hatimi, kuma mai goge ta da sunan kwaskwarima shaidar yake gogewa.

Sai an san yadda ta zo kafin a san darajarta. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, aka bar talaka da bindigar toka mai ɗuri ta baki da albarushin kanti. A ƙasashen da Faransa ta mallaka an raba makamai gida biyu, na fatauci da waɗanda ake kira ingantattu, kuma izinin riƙe ingantacciya ba kowa ke samu ba: sarakunan gargajiya, da ma'aikatan gwamnati, da tsofaffin sojoji, da manyan 'yan kasuwa su ne a gaba. Saboda haka baki-biyu a hannun baƙar fata a 1930 ko 1950 alamar matsayi ce, tamkar doki da alkyabba. Mafi yawan waɗanda suka sauka ta gadar jiragen Grand-Bassam da ta Port-Bouët, sannan ta tashar Abijan bayan an buɗe mashigin Vridi a 1950, daga garuruwa biyu suke, Saint-Étienne ta Faransa da Liège ta Beljiyam. A Saint-Étienne kamfanin da aka fi sani da Manufrance, wanda Étienne Mimard da Pierre Blachon suka kafa a 1885, yana aika kundin kayansa ta gidan waya har ƙasashen mulkin mallaka. Shi ya ƙera Simplex mai baki ɗaya a 1908, wadda maharban yankin nan suka sani ƙwarai, da Robust mai baki biyu a 1913, wadda aka ƙera ɗaruruwan dubbai. A ɓangaren Ingilishi kuwa, Kano da Zariya da Legas, ƙirar Birmingham ta fi yawa.

Duk waɗannan garuruwan Turai masu ƙera bindiga suna da abin da ya sa aikin tantancewa ya yiwu, wato gidan gwajin bindiga. Liège ta wajabta gwaji tun 1672, Saint-Étienne ta samu gidanta na sarauta a 1782, Birmingham a 1813, Landan kuwa ƙungiyar maƙeran bindigarta ta samu izini tun 1637. Aikin gidan gwaji shi ne a ɗura wa bututu abin da ya fi ƙarfin harsashin yau da kullum, a harba, in ya jure a buga masa hatimi. Hatimin nan ba a fili yake ba. Sai an cire katakon gaba, an karya bindigar, an zare bututun biyu daga ƙarfen tsakiya, an juya su, sannan a ga wani ɗan shafaffen wuri da bai wuce faɗin yatsa uku ba, cike da ƙananan alamomi. A nan bindiga ke ba da labarinta. Haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai na nufin Liège, kuma in akwai kambi a saman da'irar to ba ta riga 1893 ba. Haruffan PT da kambi a ƙirar Faransa na nufin an gwada ta da albarushi marar hayaƙi, hatimin da aka soma bugawa a 1900. Bututun Ingila da aka rubuta masa gargaɗin kada a sa masa dunƙulallen harsashi ya fito ne tsakanin 1875 da 1887. Ga kuma lambobi irin 18.4, faɗin cikin bututu ke nan da milimita a ranar gwaji, da 65 ko 70, tsawon mazaunin harsashi. Mai sayarwa na iya rantsuwa cewa bindigarsa ta ga yaƙin Samori, wanda Faransawa suka kama a 1898, amma in hatimin 1900 na zaune a ƙarƙashinta, magana ta ƙare.

Bayan hatimi sai lambar ƙira, wadda ya kamata ta zo ɗaya a bututu da ƙarfen tsakiya da ƙarfen katakon gaba. In sun saɓa, an yi aure ne tsakanin gawa biyu. Daga nan sai ido da yatsa da kunne. Maƙerin asali yakan bar katako ya ɗan ɗara ƙarfe tudu a inda suka haɗu, don haka in ka shafa ka ji ƙarfe ya fi katako tudu, an ci katakon da samfefa. Zanen da aka sassaƙa a jikin ƙarfe, ganye ne ko tsuntsu ko sunan maƙeri, bakinsa na da kaifi ko da ya tsufa, amma in an bi shi da injin gogewa sai haruffan su yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa. Tsagar kan kusoshi takan nuna ko hannun gwani ne ya taɓa su ko na mai gaggawa. Launin nan mai kama da bakan gizo da wuta ke bari a ƙarfen tsakiya yana kodewa da shekaru, ya rage a lungunan da hannu ba ya kai wa, saboda haka bindigar da aka ce ta shekara ɗari amma launinta na ko'ina daidai wa daida abar tuhuma ce. Akwai kuma gwajin da ya fi kowanne sauƙi: a rataye bututun biyu a yatsa ta ƙugiyarsu, a ƙwanƙwasa da farce. Lafiyayye zai yi amo kamar ƙararrawa. Wanda dalmar da ta haɗa shi ta saki zai yi ƙara a dushe kamar fasasshiyar tukunya, kuma sau da yawa tsatsa na ci a ɓoye a tsakanin bututun.

Sunan da ke rubuce a sama shi ne shaidar da ta fi kowacce rauni, kuma wannan ba laifin Afirka ba ne. Tun ƙarni na 19 wasu masana'antun Liège ke fitar da bindigogi masu araha suna buga musu sunaye masu kama da na manyan maƙeran Ingila. Sanannen misali shi ne W. Richards, wanda mai saye zai ɗauka Westley Richards ne na Birmingham, gidan da aka kafa a 1812. A sama suna na Ingilishi, a ƙasa hatimin Beljiyam. Daga baya maƙeran yankinmu, na Awka a Nijeriya da na Kumasi da Alavanyo a Gana da na Bamako, suka ƙware wajen kwaikwayon baki-ɗaya da baki-biyu, wasu har da buga haruffan Turai a jiki. Sannan ga Baikal ta Rasha, ƙirar garin Izhevsk, wadda ta cika dazukan Afirka ta Yamma a 'yan shekarun baya, mai ƙarfi ce kuma mai amfani, amma ba tsohuwar ajiya ba ce ko da rana da damina sun ba ta kamar tsufa.

To, a nan ne nake rabuwa da mai tarawa na Landan ko Paris. In aka ɗauki ma'auninsa yadda yake, cewa ta asali ita ce wadda ba a taɓa ba tun fitowarta daga masana'anta, to kusan babu baki-biyu ɗaya a ƙasar Hausa ko Kwaddibuwa da za ta tsira. Bindigar da ta yi shekara saba'in tsakanin hunturu mai tsaga katako da damina mai kawo tsatsa, a wurin da babu kantin kayan gyaranta, dole ta ratsa ta hannun maƙeri. Wuyan katakon gindi, inda ya fi siranta, shi ke fara tsagewa, sai a naɗe shi da wayar tagulla, zagaye bisa zagaye, ko a ɗinke shi da ɗanyar fata ta bushe ta kama. Wata an sake mata gindi gaba ɗaya da maɗaci, an fafe shi da gizago daidai kafaɗar mai ita. Wata an ƙera mata sabuwar kunama a maƙera, ana ganin sawun magagari a jikinta. Wata kuma an ɗaure mata laya ko an jera mata wuri. Mai tarawa na Turai zai kira wannan lalacewa ya rage kuɗi. Ni kuwa ina ganin rabin tarihin bindigar ke nan, kuma shi ne rabin da ya shafe mu. Saint-Étienne ta ƙera dubbai iri ɗaya, amma wadda maƙerin Zinder ko na Korhogo ya ɗaure wa wuya da tagulla guda ɗaya ce tak a duniya. Wanda ya kwance wayar nan, ya sa sabon katako daga Turai, ya shafe ƙarfen da baƙin fenti don ta yi kama da ta cikin kundin Manufrance, ya mayar da abu mai labari ya zama kwaikwayon abin da ba shi da wuyar samu.

Za a ce, in har gyara ya zama asali, ai an buɗe ƙofa ke nan, kowa ya haɗa tarkace ya kira shi tarihi. Wannan ƙorafi na da nauyi, amma iyakar a bayyane take, kuma ba daga Turai muka aro ta ba. Gyaran da aka yi don bindiga ta ci gaba da aiki ba ya ɓuya, yana nuna kansa, kowa ya gani ya san an yi. Algus shi ne aikin da aka yi don kada a gane an yi: lambar da aka goge aka sake bugawa don ta dace, ramin tsatsa da aka cike aka shafe, sunan babban maƙeri da aka ɗora wa ƙirar araha, sabon katako da aka jiƙa da baƙin mai don ya yi kamar ya sha hannu. Duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da masallatan Adjamé, ya san an hana ɓoye aibin haja, kuma fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka rufe masa. Abin da ake nema daga mai sayarwa bai wuce ya ce bututu da ƙarfen tsakiya na asali ne, katako na gida ne, kunamar hagu an sake ta. Su kansu Ingilishi haka suke yi: in an yanke tsofaffin bututu aka dasa sababbi a gindinsu, sai an mayar da bindigar gidan gwaji an buga mata kalmar da ke shaida hakan.

Wani kuma zai ce dillali ma abinci yake nema, mai saye shi ke son ƙyalli, kuma kasuwa a kai miki dole. Amsar farko ta kasuwa ce: masu tarawa na gaske sun fi biyan kuɗi a kan bindigar da ta tsufa da mutuncinta fiye da wadda aka yi wa wanka, don haka samfefa da fenti sau da yawa rage kuɗi suke yi, gyaran gangar Abzinawa. Amsa ta biyu ta fi wannan girma, domin a nan bindiga ta bambanta da sassaƙa. Gunkin jabu aljihu kawai yake cuta. Bindigar da aka ɓoye aibinta tana iya cire yatsu ko ido. Tsofaffin baki-biyu da yawa mazaunin harsashinsu milimita 65 ne, harsashin da ya fi yawa a yau kuwa 70 ne, kuma yana shiga ya zauna lafiya kafin a harba, sai bakin kwanson ya buɗe ya rasa wuri, matsi ya ƙaru. Waɗanda suka fi tsufa ma bututunsu na murɗaɗɗen ƙarfe ne, wanda aka naɗa aka dake, mai zane kamar igiyar ruwa, kuma da yawansu da baƙin albarushi kaɗai aka gwada su. In aka shafe zanen nan da baƙin launi, mai saye ba zai san abin da ya riƙa ba. Haka wanda ya rarake cikin bututu don ya kawar da ramukan tsatsa, ya bar shi yana walƙiya amma bangonsa ya sirance. Lambar 18.4 da ke ƙasa ita za ta tona shi in an auna, muddin ba a goge ta ba.

Ƙorafin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne na wanda zai ce, a lokacin da 'yan bindiga suka hana Zamfara da Katsina da kudancin Maraɗi barci, wane irin rashin ta-ido ne a zauna ana yabon tsohuwar bindiga? Ban raina wannan magana ba, kuma ba ina kiran kowa ya nemi makami ba ne. Riƙe baki-biyu babu izini laifi ne a Nijeriya ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, laifi ne a Nijar da Kwaddibuwa, ƙasar da ma ta rufe farauta a hukumance a 1974. Amma a duba da kyau, abin da mai son tarihi ke karewa shi ne ainihin abin da jami'in tsaro ke bukata. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta fara aiki a 2009, ginshiƙinta shi ne kowane makami ya kasance da lamba da rajista yadda za a iya bin sawunsa. Mai goge lamba abokin gabar su biyun ne. Bindigar da aka san lambarta, aka rubuta ta, aka san gidan da take, ta fi wuyar sulalewa zuwa daji fiye da wadda ke ɓoye a rufin ɗaki ba wanda ya san da ita. An ƙona makamai a Timbuktu a 1996, a Agadas a 2000, a Bouaké a 2007, kuma waɗannan ranaku ne na alheri. Abin da nake roƙo shi ne duk lokacin da hukuma ta tattara makamai, kafin a kai su wuta ko injin yanka, a sa wanda ya iya karanta hatimi ya duba. 'Yan ƙalilan da suka cancanta a kashe musu aiki yadda ba za su sake tashi ba, a miƙa su gidan tarihi na Plateau, ko Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, da takardar da ta faɗi inda suka fito.

Takardar nan ita ce abin da muka fi sakaci da shi. Gaskiya ne ana iya ƙirƙirar hatimi, ko da yake da wuya mai jabu ya daidaita hatimi da lamba da salon ƙira da irin tsufan ƙarfe duk su faɗi shekara guda, kuma wasu tsofaffin gidajen Ingila irin Purdey da Holland & Holland har yau suna riƙe da littattafan da suka rubuta kowace bindiga da wanda ya saye ta. Amma littafin Landan ba zai gaya maka wanda ya riƙe ta a Dabou ko Tessaoua ba. Wannan sai mu. Mutanen Adjamé sun ga amfanin sanin asali a kan gangarsu Djidji Ayôkwé, wadda Faransawa suka ƙwace daga al'ummarsu ta Atchan a 1916: saboda an san ta wa ce, an san shekarar da aka ɗauke ta da dalili, majalisar Faransa ta amince a 2025 a mayar da ita. Baki-biyun kaka ba ta kai gangar nan daraja ba, amma hanyar ɗaya ce. A cikin akwatin ƙarfe na gidaje da yawa akwai tsohon izinin riƙe bindiga mai tambarin kwamandan yanki ko na ɗan sanda, da rasiɗin harajin shekara, wani lokaci da hoton mai ita a tsaye da ita ranar salla. Magada kan raba waɗannan da bindigar, takarda ta bi wani ɗa, ƙarfe ya bi wani, dattijon da ya san wane maƙeri ya ɗaure wuyanta kuma a wace shekara ya rasu ba a tambaye shi ba. Iyalin da ke da irin wannan gado su fara da zama da dattijon nan da alƙalami, su kwafe lamba da hatiman da ke ƙarƙashin bututu, su haɗa da izinin da hoton a ambulan guda, sannan su je wurin hukuma su daidaita matsayinta a doka. Tsatsar sama kuwa ɗan mai da tsumma sun ishe ta, kada a kai ta wurin mai injin gogewa.